Baƙin Mai a Kududdufin Baba

Shekara talatin na yi ina kanikanci a Badarawa. A cikin duk abin da hannuna ya ɓata, kududdufin bayan garejinmu ne ya fi tsaya mini a rai.

Ruwansa ba ya ƙafewa ko da rani. Wani tsohon masunci da muke ce wa Baba ne ke kula da shi. Ƙarfin shiga kogi ya ƙare masa, sai abokan sana'arsa ke kawo masa 'ya'yan tarwaɗa a bokiti, ya zuba, ya riƙa ba su dusa da hanjin kaji. Da su yake ciyar da gidansa.

Wata damina sauro ya addabi unguwa, zazzaɓi ya kwantar da yara gida-gida. Maganin da muka sani shi ne a zuba baƙin mai a kwata, ya rufe saman ruwa, 'ya'yan sauro su mutu. Mu kuwa man da muke juyewa daga injin mota ga shi nan jibge. Maƙwabta na zuwa da galan suna ɗiba, suna sa mini albarka, har abin ya shiga kaina. Wata safiya na gangara da rabin duro na tuntsurar a kududdufin, ban tambayi kowa ba. A lissafina mai a sama yake tsayawa, kifi kuma yana can ƙasa.

Ashe tarwaɗa takan taso ta shaƙi iska. Washegari na gan su ciki sama, sun yi baƙi har gashin baki. Baba na tsaye cikin ruwa iya gwiwa, yana tsamo su ɗaya-ɗaya yana gogewa da bakin rigarsa.

Ya ce, "Ɗana, kai ne kusa. Wa ya yi mini wannan?"

Na ce, "Ƙila ruwan sama ne ya kwaso daga kwatoci, Baba."

Ya dube ni, ya ce, "To."

Ya sake zuba wasu sau biyu, ba su yi ba, don man ya kama taɓo. Daga baya ya kwashe iyalinsa ya koma wajen ɗiyarsa a Rigachikun.

Bara jikata mai karatu a jami'a ta miƙo mini wayarta tana tsokana. "Tsoho, kai da ka san komai, ka taɓa ganin doki a teku?" A hoton da ke wayar, wani ɗan kifi ne kamar yatsa, kansa irin na doki, ya naɗe jelarsa a jikin ciyawa. Ta ce ba ya iya iyo da sauri, in mai ya malala a inda yake, nan yake mutuwa riƙe da ciyawarsa. Na mayar mata da wayar, na kasa cin abincin rana.

A cikin makon na hau mota zuwa Rigachikun. Na iske Baba da rai, kwance a soro, ido ya tafi, hankali na zuwa yana komawa. Na durƙusa na faɗa masa komai, na roƙi gafara. Bai gane ni ba. Da ya ji an ambaci Badarawa sai ya lalubo hannuna.

"Yauwa. Kifin sun dawo kuwa?"

An daɗe da cike kududdufin, shaguna ne a kai yanzu. Ɗiyarsa ta girgiza mini kai daga bakin ƙofa, alamar kada in faɗa masa.

Na ce, "Sun dawo, Baba."

Ya ce a riƙa ba su dusa da safe, kada a bari rana ta yi zafi. Na ce to.