Baba ya ƙi shan magani da hagu

Ina gyara wa Baba shimfiɗa jiya na tsinci ƙwayoyin hawan jininsa huɗu a ƙarƙashin filo. Tunda ɓarinsa na dama ya shanye, nakan ajiye masa maganin ta hagu in wuce aiki.

"Baba, me ya sa?"

Da ƙyar maganar ta fito: "Da hagu zan kai abu baki? A shekaruna?"

Nan take na kira nas ɗinmu ta asibitin Gidan Waya. Ta ce, "Kai, Anti! Ciwon shanyewar zai iya dawowa fa. Zaunar da shi, ki sa masa a baki da hannunki, ki tsaya ya haɗiye."

Yau ya karɓa, alhamdulillahi. Masu jinyar tsofaffi, don Allah ya kuke yi?