Ranar da Kawu Ya Sauko Kasuwar Doya

Shekarun baya, lokacin da bidiyo ya fara shigowa Salaga, abokina ya dawo daga karatu a Suwidin da kaset ɗin wani tsohon fim na ban dariya, baƙi da fari, ba magana sai rubutu. Muka haɗa talabijin da batirin mota a zauren kawuna, yayan mahaifiyata, don babu zaure kamarsa a unguwa. Kakanninmu fataken goro ne, nan ayari ke sauka. Goro ya tafi ya bar Kawu da zaure da babbar riga ɗaya. Kullum yana zaune yana cewa kasuwar za ta dawo, alhali tuwon gidansa daga rumfar doyar mahaifiyata yake fitowa, ta ƙofar baya.

Fim ɗin kuwa na wani ɗan sarauta ne da ya tsiyace, yana sakace haƙori a bakin titi bai ci komai ba. Wayyo, dariya! Ni sarkin wauta har da dukan cinya, na manta zauren wa nake.

A ƙarshe wani attajirin dangi ya mutu ya bar masa dukiya, aka sha biki. Muka tafa.

Kawu ya dubi abokina. "Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Baba."

"To ƙarya suka yi. Ba mai zuwa." Ya tashi ya shige gida.

Washegari ina taya mahaifiyata sauke doyar da aka kawo daga Yendi, sai ga Kawu da 'yar shara, kai ba rawani.

Mahaifiyata ta ce, "Yaya, lafiya?"

"Koya mini yadda ake jera ta."

Ta rage murya. "Haba Yaya, mutane na kallo."

"Su kalla. Dā ma sun sani."

Wallahi sai ta fashe da kuka. Shi kuwa ya durƙusa ya ɗauki doya, ta gyara masa riƙo don kada ya karya ta.

Na sha jin wa'azi kan neman na kai, bai taɓa ratsa ni ba kamar ranar nan. Har gobe ina tausayin Kawu, ina kuma alfahari da shi. Har ya rasu yana kai doya Bawku, kuma tun daga ranar da ya sauko kasuwa tuwon gidansa ta ƙofar gaba yake shiga.