Kwamfuta ta Tara Tawa Ce, Baffa Midhat

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma. Ranar Talata, goma sha huɗu ga Oktoba, bayan sallar Azahar, Allah ya karɓi ran Midhat Zukić a nan Tuzla, yana da shekara sittin da ɗaya. Ciwon zuciya ne ajalinsa. A bakin mai sayar da burek, gurasar nan mai nama a ciki, na ji labarin, Baffa Midhat, ba daga iyalinka ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Shekara tara ke nan da na fara aiki a ƙarƙashinka, a kamfanin da ke rubuta manhajar injinan cika buhun siminti. A lokacin, duk gyaran da mutum ya yi, ko na harafi ɗaya ne, sai ya jira kwamfuta ta harhaɗa fayil dubu goma sha ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, kafin ya ga ko gyaran ya yi. Minti hamsin cur. Mukan danna, mu tafi shan kofi.

Kai ne ka dubi kwamfutoci goma sha huɗu da ke ofishin, yawancinsu ba sa aikin komai, ka ce, "Jaki ɗaya na ɗauke da kaya, sha uku suna kiwo." Wata huɗu kana fama, har ka samu hanyar raba musu aikin, kowace ta harhaɗa nata kason a lokaci guda, sannan a tattara. Minti hamsin ya koma shida. Muka ce ka kashe mana hutu. Ka ce, "Ku sha kofin da zafinsa, malalata."

Ka koya mini abin tun daga tushe, ba ka ɓoye komai ba. Lokacin da mahaifiyata ta kwanta jinya, mako uku kana yin aikina tare da naka. Duk kaka sai ka kawo mana kwandon 'ya'yan itace daga gonarka.

Doka ɗaya ka kafa: manhajar da ke harhaɗawar ta zama samfuri ɗaya a kan kowace kwamfuta, kada wanda ya taɓa tasa. Ni na taɓa tawa. Na sa sabon samfuri don in gwada wani abu, na manta ban mayar ba. Kason da kwamfutata ta harhaɗa ya bambanta da sauran, ba wanda ya lura. Haka manhajar ta tafi wata masana'anta a Ostiriya, injinansu suka tsaya cik kwana biyu.

Manaja ya tara mu ya ce tsarinka ne ya jawo. Ina zaune kusa da kai, ban buɗe baki ba. Da aka watse ka same ni a matakala.

"Elvedin, ɗana, kwamfuta ta tara ce. Na gani a rajista. Je ka mayar da ita yadda take."

"Baffa, zan faɗa masa."

"An gaya mini matarka ta kusa haihuwa. Je ka gyara kawai."

Na fake da maganarka. Bayan wata biyu aka sallame ka, aka ba ni kujerarka. Tsarin da aka ce shi ne mai laifi ba a taɓa cire shi ba, har yau da shi muke aiki, a kan kwamfuta sittin. Baƙi sukan yaba mini a kansa, ni kuwa in yi godiya.

Ka koma gyaran kwamfutoci a wani ɗan shago kusa da kasuwa. Na daina bin wannan titin. Sau biyu ka kira ni a waya, ɗaya ranar Sallah ce, ina kallon sunanka har ta tsinke.

Ranar jana'izarka liman ya juyo ya tambaye mu sau uku, kamar yadda aka saba, "Kun yafe masa?" Jama'a suka amsa, "Mun yafe." Me zan yafe maka? Tambayar da ta kamata, ko kai ka yafe mini, babu mai iya amsa mini ita a wurin.

Jiya na faɗa wa manaja da dukan ma'aikata gaskiya. Daga nan na tafi gidanka na faɗa wa matarka, Inna Nusreta. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Na sani. Ya gaya mini tun ranar. Ba aikin ne ya dame shi ba, rashin zuwanka ne."

Allah ya jiƙanka, Baffa Midhat, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ya ba Inna Nusreta da 'yarku Lamija haƙurin wannan rashi. Su nake roƙo su yafe mini idan za su iya. Naka hakkin kuwa yana wuyana har mu haɗu.