Ladanin Kwarbai da Fitilar Ƙofar Masallaci

Malam Ya'u ya fara kiran salla a wani ƙaramin masallaci da ke unguwar Kwarbai tun ginin yana na ƙasa, ana haska shi da aci-balbal. Babu lasifika a lokacin. Wata matakalar laka ce a jikin bangon yamma, ita yake hawa, daga can kuma yana hango ganuwa da wani babban rimi a bayanta. Ya ce min magariba ba ta taɓa ba shi wahala ba. Da rani rana takan faɗa ta hagun rimin, da damina ta damansa, shi kuwa yana tsaye har sai ta nutse, sannan ya sa yatsu a kunne.

Ladanci ba shi ne abincinsa ba. Aikin babbar riga yake yi a zaure, ɗinkin hannu, tun yana saurayi. Amma unguwar da muryarsa ta san shi. Mata sukan sauke tukunya da kiransa, masallatan kusa ma shi suke jira ya fara su bi.

Abubuwan suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya. Aka sare rimin, wani ya yi bene a wajen, aka rushe matakalar lokacin da za a yi wa masallacin siminti. Wani alhaji ya kawo agogon bango, Malam Ya'u ya koma duba shi. Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya ajiye allura, daga baya agogon ma ya zama farin faifai kawai a bango.

Bai gaya wa kowa ba. Ya tuna ladanin da ya gada: ranar da aka gane idonsa ya tafi, aka ce ya huta, tsohon bai ƙara zama a sahun gaba ba har ya rasu. Malam Ya'u ba ya son irin wannan hutun.

A wannan tsakanin 'yan unguwa suka kafa fitila mai aiki da hasken rana a ƙofar masallacin. Ba ta da makunni. In duhu ya fara sai ta kama da kanta, in mutum ya wuce ta ƙarƙashinta ta ƙara haske. Wannan hasken kam idonsa yana kamawa. Ya lura tana kamawa jim kaɗan bayan faɗuwar rana, sai ya mai da ita riminsa. Sauran salloli da sauƙi, yakan jira ya jiyo wani masallaci daga nesa. Magariba ce ba ta jira, balle ta azumi.

Wata shekara azumi ya faɗo a farkon damina. Da yamma hadari ya taso daga gabas ya rufe sama baki ɗaya, gari ya yi duhu, fitila ta kama. Malam Ya'u ya ɗauki abin magana ya kira salla. Aka sha ruwa a gidaje, aka kai hannu kan dabino da ƙosai. Kofunan kunun tsamiya ba su kai rabi ba hadarin ya tsage ta yamma, rana ta fito jawur a jikin katangu.

Liman Ɗahiru ya sanar bayan salla cewa duk wanda ya ci zai rama yini ɗaya, babu kaffara. Wannan bai tayar da hankalin kowa ba. Maganar da ta rage ita ce ta ladani, don har an fara ambaton sunan wani mai karatu a unguwar Kongo, wai shi zai gaje shi. Washegari da hantsi liman ya kira Malam Ya'u zaure, da dattawa kaɗan, cikinsu har da Sabo mai gyaran rediyo, taubashin ladanin.

"Malam Ya'u, agogo yana gabanka," in ji liman. "Me ya faru?"

"Agogo yana nan, Allah gafarta Malam. Ni ne ba na ganinsa."

Sabo ne ya karɓe zancen.

"To wa ya ce maka lokaci ya yi?"

"Fitila."

"Ashe falwaya muke bi tun bara ba mu sani ba," in ji Sabo. "Kai da na sani da taurin kai, ƙarfe ne ya sami kanka?"

"Ta fi ka cika alkawari dai."

"Jiya ma?"

Aka yi dariya, har da shi. Sabo ya sa aka kawo tsani, ya hau ya lulluɓe faifan da ke saman fitilar da buhu. Ta kama, alhali rana na sama. Ya yi musu bayani cewa abin da ke jikinta haske kawai yake ji, bai san hadari ba, bai san magariba ba. Haka irinsu suke, in ji shi: na tankin ruwa cika kawai ya sani, wanda ake maƙala wa mutum a yatsa a asibiti bugun jini da iskar da ke cikinsa ya sani.

Sai liman ya ce unguwar ba murya ta rasa ba, ido ta rasa, Sabo kuwa yana da biyu. Daga ranar Sabo yake rufe shago kafin magariba, ya zauna a ƙarƙashin agogon, in lokaci ya yi ya taɓa kafaɗar taubashinsa.

Bayan sallar layya aka yi wa Malam Ya'u aikin ido ɗaya a asibiti. Yanzu yana ganin agogon, amma Sabo bai daina zuwa ba, ya ce bai yarda da shi ba tukuna.

Ranar da na same su, fitilar ta kama muna zaune. Malam Ya'u bai ɗaga kai ba. Ya ce da aka cire masa bandeji ya dawo gida, yamma ya fara dubawa, ko da yake da idonsa ya ga ranar da aka sare rimin. Sabo ya taɓa kafaɗarsa, Malam Ya'u ya miƙe.