Malam Tukuna, Mai Leƙa Ƙarƙashin Gado

Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan jiya, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Tukuna bayan jinyar mako uku. Shi Ya ba mu aronsa, Shi kuma Ya karɓi abinSa. Shekara ashirin da shida ya yi a ofishinmu na rajistar ƙananan sana'o'i, a teburin da ke bakin taga, ni kuma shekara bakwai ina gefensa ina koyon aiki. Mu muka laƙaba masa wannan suna, domin in fayil bai kwanta masa ba, kalmar nan ɗaya yake rubutawa a kai da jan biro, ya mayar.

Malam, masu ƙaramin ƙarfi ba su taɓa ganin jan bironka ba. Na tuna tsohon nan mai gyaran takalma da ya zo neman rajista, ya tsaya a bakin ƙofa yana juya fom a hannu don bai iya rubutu ba. Ka ba shi kujerarka, ka cika masa da hannunka, har ka raka shi wurin hoto. Da ya dawo da takalmi sabo zai ba ka, sai ka cire naka tsohon ka ce ya gyara, ka biya shi ladansa.

Jan biron na masu kwat ne, 'yan kamfanonin nan na kawo-biyu-su-kawo-biyu. Doka ta ce ba za su buɗe ofis ba sai da takardar shaida daga wurinmu, don haka kullum suna hanya. Su zo da ƙamshin turare da hoton motar da ba tasu ba, su zana da'irori a takarda, wannan a kan wancan, su ce ga maganin talauci. Mutum bai taɓa sayar da ko allura ba, amma wai muƙaminsa a ƙungiyar shi ne Babban Lu'ulu'u. Kai kuwa tambayarka ɗaya ce: "Nuna mini mutum guda da ya sayi kayan nan don ya yi amfani da shi, ba don ya shiga layinku ba." A nan turancin yake ƙarewa.

Ba ka tsayawa ga takarda. Sai ka ɗauki jerin sunayen 'yan ƙungiyar, ka hau babur ɗinka, ka bi su gida gida. Bayan gaisuwa ka nemi izinin maigida, ka durƙusa da gwiwoyin nan masu ciwo, ka leƙa ƙarƙashin gado. Can kayan suke, kwali a kan kwali, man shafawa da shayin rage ƙiba, wasu har sun lalace. Abokan aiki suka mai da kai abin dariya, suna cewa gwamnati ta ɗauki mai farautar ɓeraye.

Ni ma ka leƙa nawa gadon. Shekarata ta biyu a aiki, wata ƙawata ta ja ni taro a otal, aka yi ta tafi da kiɗa, na fito da kwali goma sha biyu, na kuma jawo ƙanwata da kishin ta samu. Ka ga sunana a jeri, ba ka faɗa wa kowa ba. Ka zo ran Asabar, ka gaisa da mahaifiyata, ka duba, ka miƙe kana kakkaɓe wando. Ka ce, "'Yata, ke da kika san doka ga inda suka kai ki. To ina ga wadda ba ta sani ba?" Ba ka sake tayar da maganar ba har ka bar duniya.

Fayil ɗin kamfanin nan da ya sayar mini da kwalayen ne ka riƙe shekara biyar cur. Daraktan ofishinmu ya kira ka ya fi sau goma, yana cewa gwamnati na son a samar wa matasa aikin yi. Darakta mutum ne da bai taɓa karanta fayil ya wuce shafin farko ba, sai dai in akwai ambulan a shafi na biyu. Suka hana ka ƙarin girma, suka ɗauke maka fanka, suka sa wanda ka koya wa aiki a samanka. Kai dai kullum, "Ranka ya daɗe, tukuna."

A zaman makoki na ga abin da ya fi ƙarfin idona. Darakta ya zo da gilashinsa, ya ce an yi rashin ginshiƙi, yana duba agogo. Bayansa sai ga shugaban kamfanin, wanda muke kira Mai Kwat, ya zauna ya fi kowa sunkuyar da kai. Da zai tafi ya miƙa wa uwargidanka katinsa, ya ce mata, "Hajiya, in an kwana biyu ki neme mu, muna da tsari na musamman ga matan da suka rasa mazajensu." Ta karɓa ta share ƙurar tabarma da shi.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. An ba ni teburinka, Malam, da fayil ɗin a kai. Darakta ya kira ni ya yi mini murna, sannan ya tambayi lafiyar 'ya'yana uku, ya ce akwai gurbi a wani reshe mai nisan kwana guda a mota, in na fi son can. Na koma na zauna, na karanta rahotonka shafi arba'in, gida sittin da ɗaya da ka shiga. Na san kowane layi gaskiya ne. Kwana tara da rasuwarka na sa hannu a takardar shaidarsu.

Na raina Darakta, na raina Mai Kwat, amma su ba su taɓa zama a gefenka shekara bakwai ba. Ni na zauna. Jiya na wuce ofishin kamfanin, sun sa takardar a gilashi sun rataye a bakin ƙofa, mata sun yi layi har titi da jakunkunansu a hammata. Duk wadda ta karanta wannan ta sani, sa hannun da ke ƙasan takardar nawa ne, kuma tsoro ne ya sa shi, ba don kayan suna da mai saye ba. In Darakta ya gani ya tura ni reshen can, zan tafi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya da 'ya'yanku biyar, da ƙannenka, da duk mai ƙaramar sana'ar da ka taɓa cika wa fom. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ni kuma Allah Ya ba ni abin da zan faɗa maka ranar da za mu haɗu.