Kaset ɗin Patiron

Lokacin da nake sakatariya a wani ƙaramin biro, wato ofis, na masu awon filaye a unguwar Kalley, ordinatar ɗaya gare mu, wata tsohuwar kwamfuta, sai mutum biyu sun kama take ɗaguwa. A cikinta duk lambobin awon filayen mutane suke. Wata Litinin patiron ɗinmu, wato mai biron, dattijo mai son a ce ya waye, ya dawo daga tafiya da wata ƴar na'urar ƙarfe, ya dire ta a teburina.

"Wannan na'ura kaset take ci," in ji shi. "Duk abin da ke cikin ordinatar za ta kwafe a kan zaren kaset. Ko gobara aka yi, aikinmu na nan. Ki haɗa ta."

"Ni, patiron?"

"Ba ke kike gyara injin buga takarda in ya shaƙe ba?"

Gyaran nawa bai wuce jawo takardar da ta maƙale ba. Amma na ari turnabis, abin kwance noti, wurin mai gyaran moto na ƙofar biro, na kwance murfin ordinatar. Bayan na fitar da wata busasshiyar tsaka, sai na ga waya mai faɗi kamar ɗamara, da jan layi a gefe guda, da wani baki a jikinta da ba a sa komai ba. Na yi bisimilla na cusa na'urar a nan, na haɗa mata wayar wuta, na kunna. Allo ya tsaya baƙi ƙirin.

Patiron ya dafe kai yana salati. "Madam, kin kashe filayen mutane!"

A taksi muka kai ta unguwar Wadata, wurin wani tsoho mai gyaran rediyo da tsofaffin na'urori. Ya leƙa ciki ya daɗe, sannan ya yi dariya.

"Ƴata, wayar daidai kika sa ta. Lamba ɗaya kika bar wa abu biyu. Duk abin da ke kan wayar nan da lambarsa ake kiran shi. Faifan ajiya da baƙuwar taki suna amsawa tare, ordinatar ta rasa wa za ta saurara."

Da hantsaki ya ciro wata ƴar baƙar roba da ba ta kai ƙwayar wake ba a bayan na'urar, ya matsar da ita gefe. Ya kuma toshe ƙarshen wayar da wani marfi. Ordinatar ta yi tari, ta tashi. Kafin mako ya ƙare na ji patiron yana gaya wa masu filaye yadda ya haɗa ta da hannunsa.

Kowace Juma'a nakan kwafe aikin mako, in miƙa masa kaset, saboda ya ce a gidansa ya fi tsira. Sai ya jefa shi gaban mota ƙarƙashin gilashi, ya tafi masallaci ya faka a tsakar rana. Sau ɗaya na yi masa maganar zafin rana.

"Kayan Turai ne wannan," ya ce. "Don wahala aka yi shi."

Gobara ba ta zo ba. Shi da kansa ne ya goge awon unguwa guda wata safiya, wai yana rage tarkace. Ko a jikinsa, har da murmushi. "Yau ranar na'urata ce," ya ce, ya aika aka kwaso kaset-kaset. Na farko na'urar ta yi ta gurnani, ta tofo zaren a murɗe kamar taliya. Na biyu ko shiga bai yi ba, ya lanƙwashe. Sauran ma haka.

Mako uku na yi ina sake buga lambobi daga tsofaffin takardu, har wuyana ya ƙage. Patiron ya yi nazari ya gano mai laifi, wato tsohon Wadata. Duk da haka ya sayo sababbin kaset, ya kuma sanar da ni cewa ya daina barin su a mota. Yanzu a falo yake jera su, kan babbar lasifikar rediyonsa. Na tuna tsohon ya gargaɗe mu cewa maganaɗisun lasifika yana shafe abin da ke kan zare. Na ce, "Madalla, patiron," na ci gaba da aikina.