Kawu Habu da Tsibiran Maliya

Ina rumfata a gindin dutsen Uhudu a Madina, ina auna wa wasu maziyarta dabino bayan la'asar, ɗan'uwana ya kira ni a waya. Bai yi doguwar magana ba. Ya ce Kawu Habu ya rasu a shagonsa na unguwar Harra ta Yamma, a kan kujerar keken ɗinkinsa. Na ƙarasa awon, na miƙa wa mutanen, na rufe rumfa. Abin da ya fara zuwa raina, Allah Ya yafe mini, shi ne saura mako biyu ya tafi hutunsa.

Duk wanda ya san Kawu ya san maganarsa guda. Ko me aka nuna masa, sai ya duba a hankali, ya gyaɗa kai, ya ce, "Ba shi ba ne, amma yana da kyau." Mahaifiyata, wadda ƙanwarsa ce, ta taɓa wuni tana yi masa miyar kuka da kukar da aka kawo mata daga Kano. Ya ɗanɗana ya ce, "Ba ita ba ce, amma tana da kyau." Ta janye kwanon daga gabansa ta ce, "To, Yaya, jira ta har ta zo." Ranar da aka haifi ɗana na fari na kai masa shi cikin zani. Ya buɗe baki zai fara, matarsa Hajiya Zulai ta ɗaga masa yatsa. Da ƙyar ya haɗiye rabin farko, ya ce, "Yana da kyau."

A teku ya samo maganar. Kowace shekara, idan sanyi ya fara ja baya, sai ya rufe shago, ya hau mota zuwa gaɓar Maliya, ya yi hayar sambuk, wato jirgin katako mai ƙyalle wanda iska ke turawa. Kwana goma yana zagaya ƙananan tsibirai da babu kowa a kansu sai tsuntsaye. Abokansa na masallaci suna tsokanarsa, wai tela ya zama Bature. Yakan ce musu, "Hutu nake zuwa, ya jama'a. Ku ma ku gwada."

Mu na gida mun san ba hutu ba ne. Yana ɗan shekara bakwai suka tsallako teku daga Sawakin, tashar jiragen ruwan da ke wancan gaɓar, da iyayensa, a irin wannan jirgi, mahaifiyata tana goye. A tsakiyar hanya zazzaɓi ya kama uwarsu ta rasu. Aka tsaya a wani tsibiri aka binne ta, ubansu ya jera fararen duwatsun teku a kan kabarin. Ba wanda ya tambayi sunan wurin. Kawu ya riƙe abu biyu kawai: duwatsun, da wata bishiya guda da iska ta tanƙwara. Su yake nema.

Sau ɗaya na raka shi, shekarar da na buɗe rumfata. A tafiyar na gane cewa Kawu da teku ba sa shiri ko kaɗan. Tun kafin mu bar gaɓa ya rungume bokiti. Yana sanye da babbar riga da hula, laima a hannu ɗaya, jiri na ɗibarsa. Duk sanda ya ɗago kai sai ya ce mini, "Sani, kana jin daɗin hutun?"

Jirgin yana da inji, amma sharaɗin Kawu shi ne ba za a tayar da shi ba sai rai ya shiga haɗari. Don kada a ha'ince shi, ya karɓi makullin ya cusa cikin hularsa. A rana ta uku iska ta ɗauke cak. Tun hantsi muke tsaye wuri ɗaya, rana na gasa mu. Nakuda Salim, mai tuƙin jirgin, ya zo ya durƙusa gabansa.

"Baba, ya isa haka, ba ni makullin. Awa ɗaya mun kai."

"Mun kai ina?"

"Tsibirin da ke gaba."

"Inji yana kai mutum inda ya sani ne. Ni inda ban sani ba nake nema. Iska ce ta kai mu can, ita ta san hanya."

"Yau iskar ma hutu take yi," in ji Nakuda.

"To, mu taya ta," in ji Kawu. Ya jawo gefen ƙyallen jirgin ya fara yi masa faci, yana mita a kan wanda ya yi ɗinkin farko.

Washegari muka sauka a wani tsibiri, muka iske wasu Turawa ma'aikatan kamfani sun zo da farin jirginsu, suna kwance a kan yashi, jiki duk ya yi ja. Kawu ya tsaya ƙarƙashin laimarsa yana kallon su da tausayi. Ya matso kusa da ni ya ce, "Su kuma wa suka rasa?" Na ce babu kowa, hutu suka zo. Ya ce, "Na gaske?" Na ce na gaske. Ya girgiza kai, ya ɗebi dabinon Khaibar cikin jakarsa ya kai musu, ya dawo yana cewa, "Allah Ya ba su lafiya."

Bayan haka ya tuɓe takalmi ya fara zagaya tsibirin ta bakin ruwa, ni ina biye. Duk inda ya ga tarin farin dutse sai ya tsuguna ya taɓa. Da muka dawo inda muka fara, ya daɗe yana duban wurin, sannan ya ce, "Ba shi ba ne, amma yana da kyau." Wannan karon ban yi dariya ba.

A hanyarmu ta komawa na tambaye shi abin da zai yi in ya samu wurin. Addu'a ai tana isa daga ko'ina. Ya ce ya sani, kuma kullum yana yi. Ya ce ranar da uwarsu za ta rasu, kanta a kan cinyar ubansu, tambaya ɗaya take maimaitawa: "Mun iso?" Uban yana ce mata saura kaɗan.

"Ba wanda ya koma ya ba ta amsa, Sani. So nake in tsaya a kanta in ce, Inna, mun iso. Muna Madina. Jaririyar ma ta rayu, har ta yi jikoki, ga faɗa."

Mahaifiyata ta sha ce masa ya haƙura, teku ta daɗe da cinye wurin. Shi kuma ya ce, "Ke kina goye, ni na gani da idona." Da na gaya mata abin da ya faɗa mini a jirgi, ba ta sake hana shi ba. Duk shekara ita ke soya masa guzuri.

Mun yi wa Kawu salla a Harami, muka kai shi maƙabartar Baƙi'a, inda uwarsa ta yi fatan kwanciya. Allah Ya jiƙan Kawu Habu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haɗa shi da ita a inda ba sai an nema ba. Amin.

Da muka je kwashe shagon, na sami wani farin ƙyalle a aljihun keken. Ya zana tsibiran a kai da alli mai shuɗi, duk wanda ya taka ya ɗinke shi da jan zare. Guda huɗu ba a ɗinke ba, kuma allurar tana soke a jikin ɗaya daga ciki.